Shagon Tsofaffin Mujallu a Gefen Babbar Kasuwar Maraɗi: Abin da Na Gani Cikin Wata Huɗu

Wata huɗu ke nan ina zirga-zirga zuwa wani ƙaramin shago da ke cikin lungu a gefen Babbar Kasuwar Maraɗi, tsakanin mai gyaran rediyo da wani tela, kuma sai yanzu na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin shagon tsofaffin takardu ba a yanke masa hukunci da zuwa ɗaya. Ni malamin Ingilishi ne a kwaleji, kuma abin da ya fara kai ni wurin shi ne neman ƙamus mai rahusa saboda wani ɗalibina da mahaifinsa ba shi da halin sayen sabo. Ƙamus ɗin na same shi a kan jaka ɗaya da rabi, amma kafin in fita sai dattijon da ke da shagon ya dube ni ya ce, “Mushe, tunda Ingilishi kake koyarwa, akwai abin da ya daɗe yana jiran irinka,” sannan ya sa yaronsa ya jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin kanta.

Shagon bai fi taku shida a tsawo ba, faɗinsa kuwa mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Daga bakin ƙofa littattafan lakwal ne, da kundin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da littattafan addini, da na soyayya da na yaƙi waɗanda ake kawowa daga Kano, kuma waɗannan su ne ke ciyar da shagon. Abin da ya sa nake wannan rubutu yana can ciki, a cikin adaka uku da ba a buɗe wa kowa sai wanda Baba mai shago ya yarda da hannunsa. A cikin ta farko na ƙirga mujallun Amurka guda 43 na labaran kasada da jarumta, mafi tsufansu na shekarun 1920, mafi ƙuruciyarsu na farkon shekarun 1940. Baba ya gaya mini cewa ya saye su a dunƙule daga magadan wani tsohon kuku da ya yi wa Turawa aiki shekaru da yawa, wanda maigidansa ya bar wa adakar da abin da ke cikinta lokacin da zai koma gida. Shi da kansa Baban ba ya karanta Ingilishi, Faransanci da ajami yake karantawa, amma ya ajiye su fiye da shekara ashirin bai sayar wa masu ƙosai da masu tsire su naɗe kaya ba, kuma wannan kaɗai ya isa a yaba masa.

Ya kamata in bayyana wa wanda bai taɓa riƙe irin wannan mujalla ba ko mece ce. A Amurka ana kiransu da sunan takardar da aka buga su a kai, wato takarda mafi arha da ake yi da markaɗen itace. Wani mai buga littattafai da ake kira Frank Munsey ne ya buɗe wannan hanya. A 1882 ya fara fitar da wata mujallar yara, sannan a 1896 ya mayar da ita, da sunan Argosy, mujallar manya mai shafi 192, babu komai a ciki sai ƙagaggun labarai, a kan santi 10 na kuɗin Amurka. Lissafinsa mai sauƙi ne: mai karatu labari yake saya, bai damu da santsin takarda ba, saboda haka a rage kuɗin takarda a ƙara yawan labari. Cikin ƴan shekaru abin da ake bugawa na kowace fitowa ya kai rabin miliyan, wasu kamfanoni suka bi sahu, har aka wayi gari akwai mujallar da ta keɓanta da labaran ƴan sanda, da ta makiyayan dawaki, da ta jiragen sama, da ta taurari da abin da kimiyya za ta haifar. Girmansu kusan ɗaya ne, inci 7 a faɗi da inci 10 a tsawo, da bango mai launi mai sheƙi, ciki kuwa rubutu ne layi biyu a kowane shafi da ɗan zanen baƙin tawada a farkon kowane labari.

A adakar Baba mafi yawa Argosy ne na shekarun 1930, lokacin da take fitowa kowane mako, sai Adventure guda 12, sai ƴan kwafin Short Stories da ake ganewa daga nesa saboda jar rana da ake zanawa a bangonsu, sai Blue Book guda biyu waɗanda gara ta riga kowa karantawa. Ranar farko Baba bai bar ni na ɗauka da kaina ba. Ya shimfiɗa wani tsohon zane a kan kanta, ya ciro ɗaya da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ya ajiye, sannan ya nuna mini yadda ake buɗe shafi daga sama da tafin yatsa ba tare da an kama kusurwa ba. Ko da haka, da na ɗaga hannuna sai na ga ƴan ɓarɓashi masu launin ƙasa sun zube a kan zanen kamar dusar gero, ga kuma wani ƙamshi mai ɗan tsami da ya tashi, wanda duk mai mu'amala da tsofaffin takardu ya san shi.

Wannan ɓarɓashi shi ne babbar matsalar waɗannan mujallu, kuma dalilinsa yana cikin takardar tun ranar da aka yi ta. Idan aka niƙa itace da inji ba tare da an dafa shi an cire sinadarin da ke ɗaure zarurrukansa ba, sinadarin yakan zauna a cikin takarda, haske da zafi da iska su riƙa canza shi, takardar ta yi rawaya, sannan ta yi ja, tsami ya taru a cikinta ya tsinka zarurrukan da dama can gajeru ne, har ta kai matsayin da in an lanƙwasa ta sai ta karye kamar busasshen ganyen kuka. Masu buga su ba su yi nufin su wuce mako ɗaya ko wata ɗaya a hannun mai karatu ba. Ba a ma datse gefen shafukan yawancinsu, bangon kuma yakan ɗan zarce shafukan ciki, shi ya sa da wuya a sami wadda bakin bangonta bai gutsure ba. Ƙusoshin waya ne ke riƙe da shafukan daga gefe, aka manna bango a kai, kuma idan danshi ya taɓa wayar sai ta yi tsatsa ta ci takardar da ke kewaye da ita. Duk wanda zai sayi ɗaya a wannan shago, ko a wani wuri, waɗannan wurare uku zai fara dubawa: launin takarda a gefe, wurin ƙusoshin, da ƙeyar mujallar inda aka rubuta suna da kwanan wata.

Abin da ya fi riƙe ni a cikinsu shi ne Adventure, wadda ta fara fitowa a 1910, kuma Arthur Sullivant Hoffman ya riƙe ta a matsayin edita daga 1912 zuwa 1927. A farkon shekarun 1920 har sau uku take fitowa a wata, a kan santi 25, wato ta fi Argosy tsada, kuma mai karatu yana ganin dalilin. Hoffman mutum ne da ya dage cewa marubucin da zai ba da labarin jirgin ruwa ya san sunan kowace igiya, wanda zai ba da labarin hamada kuma ya san yawan kwanakin da raƙumi yake yi bai sha ruwa ba, domin masu karatunsa da yawa matuƙan jirgi ne da tsofaffin sojoji da masu haƙar ma'adinai, kuma ba sa yafe kuskure. A ƙarshen kowace fitowa akwai wani fili da aka sa wa sunan zaman hira a bakin wuta, inda masu karatu da marubuta ke musayar wasiƙu, wannan ya gyara wa wancan nisan zango, wancan ya kawo hujjarsa. Akwai filin tambayoyi da ƙwararru ke amsawa, akwai kuma filin cigiya, inda uwa ke neman ɗanta da ya shiga jirgi shekaru bai dawo ba, ko aboki ke neman wanda suka rabu da shi a wata tashar ruwa. Na shafe yammaci guda a kan bencin Baba ina karanta filin cigiyar nan kaɗai, kuma ya taɓa zuciyata fiye da labaran, domin bai bambanta da sanarwar da muke ji a gidajen rediyonmu ba idan ana neman wanda ya tafi ci-rani Libiya ko kudu aka daina jin ɗuriyarsa.

Su kansu labaran, wanda ya karanta goma zai gane yadda aka ƙera su. Yawancin marubutan ana biyansu ne da ƙirgen kalma, kusan santi ɗaya kowace kalma, fitattu kuma su sami fiye da haka, saboda haka mutum yakan rubuta da sauri, ya rubuta da yawa, wani lokaci da sunaye daban-daban a fitowa ɗaya. Ana jefa jarumi cikin haɗari tun shafin farko, ba a ɓata lokaci wajen gabatarwa, kuma dogon labarin da aka raba kashi-kashi ana yanke shi daidai inda wuƙa ta kusa maƙogwaro, don mai karatu ya dawo da santinsa mako mai zuwa. Wasu labaran ba su da wani abin a zo a gani, gudu ne da harbi daga farko har ƙarshe. Amma a cikin kowace fitowa akan sami ɗaya ko biyu da aka gina da hankali, inda jarumin ke da abin da zai rasa, kuma abokin gabansa ke da nasa dalili. A matsayina na malami na lura cewa Ingilishin nan yana da amfani ga ɗalibi, domin jimlolin gajeru ne, aikatau ne ke jan su, kuma yaro da ke son sanin ko jarumi ya tsira ba ya jin nauyin buɗe ƙamus. Na kwafe shafi biyu da hannu na kai aji, kuma ɗaliban da ba sa ɗaga hannu sun tambaye ni ci gaban labarin.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye wa mai niyyar zuwa wannan shago ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Kaso mai yawa na waɗannan labarai a ƙasashenmu aka kafa su, ko a inda marubucin yake zaton ƙasashenmu ne. A shekarun 1920 da 1930 labaran rundunar sojan Faransa ta ƴan ƙasashen waje, wadda aka kafa a 1831 kuma take da babban sansani a Sidi Bel Abbes ta Aljeriya, sun yi tashe sosai, kuma Georges Surdez, ɗan asalin Suwizalan, yana cikin waɗanda suka fi rubuta su a Adventure. Tsarin irin waɗannan labarai sananne ne: ƙaramin sansani a tsakiyar rairayi, sojoji ƴan kaɗan, ruwa ya kusa ƙarewa, ga mahaya raƙuma masu rufe fuska sun kewaye su. Marubuci mai kyau yakan san kowane sojan da sunansa, da garinsu, da laifin da ya koro shi daga gida, amma mutanen da ke bayan ganuwa, waɗanda ƙasar tasu ce, yawanci ba su da suna, ba su da uwa, ba su da dalili, taro ne kawai da ake harbi ya zube. Baƙin mutum kuwa, in ya fito, ɗan dako ne ko boyi mai biyayya ko matsafi, kuma bangon wasu fitowar ya fi abin da ke ciki muni.

Mu mutanen wannan yanki ba mu da ikon karanta wannan kamar tatsuniya. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya keta ƙasar Hausa daga yamma zuwa gabas yana ƙone garuruwa, ya yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, labarin ta'asar ayarin kuwa ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Ranar 14 ga Yuli ta wannan shekara Voulet ya sa aka harbe Klobb a kusa da Dankori, kuma cikin kwana uku sojojinsu suka juya suka kashe Voulet da Chanoine. Kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa, a cikin jiharmu ta Maraɗi. A Agadas kuma, a 1916 da 1917, Kawusan da mutanensa sun kewaye sansanin Faransa na tsawon watanni, wato su ne ainihin mahaya raƙuman da labaran nan ke mayarwa inuwa marar fuska. Da na fassara wa Baba wani yanki na irin wannan labari, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Ɗana, wanda ya riƙe alƙalami shi ke zaɓen wanda zai zama jarumi. Ka karanta ka san yadda suka gan mu, amma kada ka ba yara sai kana zaune kusa da su.” Na ɗauki wannan shawara, kuma ita ce ta sa shafukan da na kai aji na labarin teku ne. Ina ganin mujallun sun cancanci a adana su a karanta su saboda wannan dalilin ma, domin shaida ce a rubuce ta abin da aka cusa wa miliyoyin masu karatu game da mu, a kan santi 10, mako bayan mako.

Adaka ta biyu ta fi kusa da ƙuruciyar yawancin mutanen Maraɗi da suka yi lakwal. Cike take da ƙananan mujallun zane na Faransanci masu girman santimita 13 da 18, baƙi da fari a ciki, irin su Akim da ya fara fitowa da Faransanci a 1958, da Kiwi na 1955, da Zembla na 1963, waɗanda biyun ƙarshe kamfanin Lug na birnin Liyon ne ya buga su. A jikin kowace akwai ambaton dokar Faransa ta 16 ga Yuli 1949 kan abin da ake bugawa saboda matasa. Waɗannan jikokin mujallun Amurka ne ta fuskar labari, domin jarumin daji mai magana da namun dawa ya samo asali ne daga Tarzan, wanda ya fara bayyana a mujallar All-Story a watan Oktoba na 1912. A adaka ta uku akwai ƴan kwafin African Film, mujallar hotuna da kamfanin Drum ya riƙa fitarwa daga 1968 zuwa 1972, wadda jaruminta baƙin mutum ne mai kwat da hula yana farautar ɓarayi a birni. Baba ya ce daga Kano da Katsina fatake suka riƙa shigo da su, kuma har wanda bai iya Ingilishi ba yakan bi hotunan ya gane labarin. Idan aka ajiye ta kusa da mujallun adaka ta farko, bambancin wanda aka ba jarumta ya fito fili ba sai an yi bayani ba.

Game da farashi, tsakani da Allah ban ga zalunci ba. Ƙananan mujallun Faransanci ana ba da hayarsu a kan dala 10 kwana ɗaya, wato sefa 50, wanda kuma yake son saya zai biya daga dala 50 zuwa dala 100 gwargwadon lafiyar kwafin. Na Amurka ba sa fita haya, amma ana iya zama a kan benci a karanta a kan dala 20 daga bayan azahar har zuwa magariba, kuma sau da yawa Baba yakan zuba wa mai karatu shayi ba tare da ya ƙara ko dala ba. Sayensu kuwa daga jaka 3 ne zuwa jaka 8, kuma Baba yakan yi ragi idan ya ga mutum mai karatu ne. Akwai littafin rajista da yake rubuta sunan duk wanda ya karɓi haya da ranar dawowa, kuma na ga yara ƴan kwaleji suna shigowa da kuɗin karin kumallonsu suna musanya wannan da wancan, abin da na yi zaton wayar hannu ta riga ta kashe.

Gaskiyarsa na gwada ta ba da niyya ba. A wata na biyu na sayi wata Argosy a kan jaka 4, na kai gida, na karanta har dare ya raba, sai na tarar shafuka huɗu na ƙarshen babban labarin babu su, an yage su tun da daɗewa. Washegari na koma da ita raina a ɓace. Baba ya karɓa, ya ƙirga lambobin shafi da yatsa, ya ce laifinsa ne da bai duba ba, ya ciro kuɗina cif ya miƙo mini, sannan ya ɗauki fensir ya rubuta a wata ƴar takarda cewa wannan kwafi ba cikakke ba ne, ya saka a cikinta don kada wani ya sake faɗawa. Daga ranar kuma ya roƙe ni in taya shi ƙirga shafukan sauran, muka yi asabar biyu muna yi, muka ware guda 7 masu giɓi, ya rage kuɗinsu da kansa.

Yanzu kuma ga abin da bai yi mini daɗi ba, kuma na faɗa masa baki da baki kafin in rubuta. Na farko shi ne salatif. Baba, cikin kyakkyawar niyya, ya manne ƙeyar mujallu da yawa da shi, wasu har a kan zanen bango. Mannen salatif yana narkewa da zafi ya shige cikin takarda, ya bar tabo mai launin zuma da ba ya fita, bayan shekaru kuma ledar ta ɓare ta tafi da fatar takardar. A wajen masu tara irin waɗannan mujallu, kwafin da ya yage aka bar shi haka ya fi daraja a kan wanda aka manne ta wannan hanya. Na biyu shi ne wurin ajiya. Adakar ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, tanda ce ga takarda mai tsami, domin zafi yana hanzarta lalacewarta. Da damina kuma adakar tana zaune a kan siminti kai tsaye, kuma na ga alamar danshi a gindin waɗanda ke ƙasa, da tsatsa a wayoyinsu. Wasu an saka su cikin baƙar leda an ɗaure, wanda ke tara gumi. Abin da suke buƙata ba mai tsada ba ne: a ɗaga su daga ƙasa a kan katako ko tubali, a kwantar da su a shimfiɗe ba a jibga da yawa a kan juna ba, a sa farar takarda mai kyau tsakaninsu, a nisanta su da rana da bangon da ke jiƙewa, a riƙa duba gara kafin ruwan farko.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma suna damun mai zuwa daga nesa. Hasken cikin shagon bai isa karatun ƙananan haruffa ba, in wuta ta ɗauke kuwa sai an fito bakin ƙofa inda ƙurar hunturu da hayaƙin kabu-kabu ke sauka a kan shafi. Lokacin buɗewa ba shi da tabbas. Sau biyu na zo daga unguwar Zariya da ƙarfe goma na safe na tarar a kulle. Idan Baba ba ya nan, yaron shagon ba ya buɗe adaka ta farko ko kaɗan, wanda na yarda da shi, amma a ta biyu ya taɓa faɗa mini farashin da ya ninka na maigidansa. Babu kuma jerin abin da ke akwai, sai an kwashe an duba ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace kwashewa tana ƙara zubar da ɓarɓashi.

Wani abokin aikina ya tambaye ni dalilin da zai sa mutum ya biya jaka 5 a kan takardar da ke mutuwa, alhali an ɗauki hoton dubban irin waɗannan mujallu an zuba a intanet, musamman a ma'ajiyar Internet Archive, inda ake karantawa kyauta. Tambayarsa tana kan hanya, kuma ga wanda labarin kawai yake so, wayarsa ta ishe shi in yana da kuɗin data. Amma a waya mutum labari ɗaya yake nema ya karanta ya fita, a takarda kuwa dole ya ratsa tallan maganin sanƙo, da na koyon gyaran rediyo ta wasiƙa, da na ƙarin ƙarfin damtse, ya ga wa ake sayar wa waɗannan mafarkai: leburan masana'anta da akawu da matashin da ke neman aiki a shekarun karayar tattalin arzikin Amurka. A wani kwafi na ga inda wani mai karatu ya yi lissafin kuɗi da fensir a gefen shafi. Sannan ba za a sake buga su ba. Ƙarancin takarda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya raunana su, Argosy ta canza kama zuwa takarda mai santsi a 1943, ƙananan littattafan aljihu da mujallun zane da talabijin suka kwashe masu karatu, kuma a 1949 kamfanin Street & Smith, ɗaya daga cikin manyan masu buga su, ya rufe yawancin nasa.

Saboda haka hukuncina ya rabu gida biyu. Ga mai son karatu, da malamin harshe, da mai binciken yadda aka zana Afirka a idon baƙi, wannan shago wuri ne da ban san kamarsa ba a garin nan, kuma dala 20 ta zama a benci ita ce ciniki mafi riba a cikinsa. Ga mai son tarawa kuwa, sai ya zo da haƙuri da ido, domin a cikin 43 ɗin nan waɗanda zan iya cewa suna da cikakkun shafuka, ba salatif, takardarsu kuma tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, ba su wuce 9 ba, kuma ya fi kyau ya zo da safe bayan ya tabbatar Baba yana nan, ya zo da faifan kwali biyu da zai sa abin da ya saya a tsakani, kada ya naɗe shi ya cusa a aljihu.

Makon jiya na kai masa tubali takwas da katako biyu, muka ɗaga adakun daga ƙasa ni da yaron shagon, ya kuma yi mini alkawarin ba zai ƙara sa salatif ba. Cikin kwashe kayan ne muka gano cewa wani dogon labarin teku da na fara a wata Argosy yana da kashi na biyu da na uku a adakar, na huɗu kuwa babu. Baba ya ce yana da wani abokin ciniki a Kano da ke sayen kayan tsofaffin gidaje, zai aika masa ta hannun direban da ke bi ta Ɗan Isa da Jibiya. Na rubuta masa sunan mujallar da kwanan watan da manyan haruffa a bayan wani rasit, na bar jaka ɗaya kafin alƙalami, ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa.